Sahun da Na Gani a Ƙarƙashin Kududdufinmu

Kafin in ce komai bari in faɗa muku cewa abin nan ya haura shekara goma da faruwa, ni kuma ba mutum ne mai riƙe abu daram a ka ba, saboda haka yana yiwuwa na sa wata magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba, ko na gabatar da abin da daga baya ya zo. Wannan na yarda da shi. Amma ainihin abin da idona ya gani, wallahi tallahi ban ƙara masa komai ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa ne, kuma Allah ne shaidata.

A shekarun nan ne da Kano ta shiga halin da duk wanda ya zauna a cikinta bai manta ba. Yau bam ya tashi a can, gobe harbi a nan, shingen bincike a kowace kwana, ga dokar hana fita da ke kora mutum gida tun rana ba ta faɗi ba. Ni a lokacin ban daɗe da dawowa daga Sudan ba, inda na samu tallafin karatu na yi digiri a kan halittun teku, a gaɓar Bahar Maliya. Abin da na fi karanta shi ne murjani. Ga wanda bai sani ba, murjani ba dutse ba ne kamar yadda ake gani a tsakiyar wuyan mata, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke gina wa kansu gida mai tauri a cikin teku, in sun mutu wasu su hau kan gidan nasu su ɗora gini, har ya zama tudu guda, kifi kuma ya zo ya yi ƙwai a cikin ramukansa. Bincikena na ƙarshe a kan wasu ƙauyukan masunta na yi shi, waɗanda suke haɗuwa su ware wani yanki na tudun su ce babu mai jefa taru a nan, su da kansu suke gadi, kifi ya hayayyafa a ciki ya malalo inda aka yarda a kama.

To da wannan ilimi na dawo Koki, unguwar da ruwan famfo ma sai an yi sa'a. Abokaina suka sa mini Dakta Teku. In na zo wucewa ta majalisa sai wani ya ce, "Dakta, yau jirgin ruwa bai iso ba ne?" Ina dariya, amma abin yana cina, don aiki babu, kuma a wannan yanayi ba ma wanda ke maganar ɗaukar aiki.

Akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba saboda dalilin da za ku ji a ƙarshe. Irin ramukan nan ne da kakanni suka haƙi ƙasar gini a ciki, ruwan damina ya cika su, sai dai shi babba ne kuma ba ya ƙafewa. Ta gabashinsa akwai wani shimfiɗaɗɗen dutsen marmara da ya nutse a ruwa, duk jikinsa ramuka, tarwaɗa da karfasa a nan suke ƙwai. Wurin ana ce masa Marmara kawai. Tun kafin a haifi mahaifina an kafa turaku a kewaye da shi an ɗaura musu jan ƙyalle, ba a jefa taru, ba a sa ƙugiya, ko wanka ba a yi a ciki. Sauran ruwan kuma sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, bayan kaka, ranar da Baba Tanko ya sanar a masallaci. Baba Tanko shi ne dattijon gidan masuntan da ke kula da ruwan tun kakanninsa. Ranar su, wato ranar kamun kifin, abin da aka kama sai an fara kai wa gidajen da babu namiji kafin kowa ya ɗauki nasa. Akwai kuma doka ta biyu: in mutum ya faɗa ruwan, ba a cin kifinsa sai an fito da shi an yi masa sutura. Ba wai haramun ne na shari'a ba, ƙyama ce da kunya, yaya za ka ci abin da ya ci ɗan maƙwabcinka.

Ranar da na fahimci cewa abin da na ƙetare ƙasa na je karantawa shi ake yi a bayan gidanmu, na yi murna ƙwarai, na je na yi wa mai unguwa dogon bayani. Ban tabbata ya bi ni ba, amma dai ya ce tunda ina da sha'awa in riƙa zama da su in ana maganar ruwan. Haka na shiga cikin masu shawara.

Sai ga maganar Basiru. Basiru ɗan Goggo Mairo ne, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ta yi goyona lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Shi kaɗai gare ta, tela ne, yana da ɗan shago wajen Shahuci. Wata rana da yamma, ana gab da shiga dokar hana fita, aka ji harbi ta bakin titi, mutane suka watse kowa ya yi ta kansa, wasu suka ce sun ga Basiru da gudu ya bi 'yar hanyar da ta ratsa gefen kududdufin, wadda muke yankewa ta nan zuwa gida. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa. An je asibitoci, an leƙa ɗakin ajiye gawa, an tambaya duk inda ake iya tambaya a lokacin, da ma ba ko'ina ake iyawa ba. Su Baba Tanko suka hau gora suka bi buɗaɗɗen ruwan da dogayen sanduna, ba su taɓa komai ba. Marmara ce kaɗai ba a shiga ba.

Goggo ba ta yi ta kururuwa ba. Kullum da hantsi sai ta ɗauki 'yar kujerarta ta tafi bakin ruwan ta zauna tana kallon turakun nan. Abin da take cewa ɗaya ne: ita ba rai take nema ba, ta bar wa Allah wannan, a ba ta shi ta ga an wanke shi an sa shi a ƙasa kamar kowane Musulmi.

Watanni suka wuce, damina ta ja baya, yunwa kuma ta shigo unguwa sosai, don kasuwa rabin yini ake ci, baƙin da ke zuwa sari daga nesa sun daina zuwa. Sai samari suka taso da maganar a buɗe ruwa. Wanda ke gabansu Sagir ne, ɗan acaɓa da aka hana sana'arsa, ga mata ga 'ya'ya. Muka taru a zauren mai unguwa, Goggo tana zaune daga bakin ƙofa ta ciki.

"Ranka ya daɗe, mu fa ba rashin kunya muka zo yi ba," in ji Sagir. "Kifi yana tsalle a gabanmu, yara suna kwana da ruwan kanzo. A buɗe, har Marmarar ma a buɗe bana, in duniya ta yi daɗi a mayar da turakun."

Baba Tanko ya ce, "Da mutum a ciki?"

"Baba, wa ya ce yana ciki? Goggo ki yafe ni, wallahi Basiru abokina ne, shi ya ɗinka mini kayan aurena. Amma da yana ciki ai da tuni ya taso. Ko ba haka ba ne, Dakta? Kai ka yi bokon ruwa."

Duk aka juyo gare ni. Na ce galibi haka ne, gawa takan taso bayan 'yan kwanaki, amma ba kullum ba, in akwai ramuka ko wani abu ya riƙe tufafi tana iya maƙalewa, kuma ni ba zan iya yanke hukunci ba tunda ban gani ba.

"To ka gani mana," in ji wani daga baya. "Ina gilashin nan naka na kwaɗi da kake nuna mana a hoto?"

Aka yi 'yar dariya. Ni ban yi ba, don na ga mai unguwa ya kalli Baba Tanko, Baba Tanko ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ce shi rabonsa da nutso tun kafin tarin nan ya kama shi, kuma shi kansa bai taɓa ganin ƙasan Marmara ba, ubansa ma bai taɓa ba. Amma in dubawa ce kawai, ba taru ba ƙugiya, ya yarda mutum ɗaya ya shiga. Daga bakin ƙofa Goggo ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kira na da shi, ta ce, "Ka duba mini." Shi ke nan, na amsa zan shiga.

Da hantsi muka je, rana tsaf, ba wani duhu ko magariba da mutum zai ce idonsa ne ya yaudare shi. Kayana gilashin ido ne da bututun numfashi da takalman ninƙaya, babu tukunyar iska, sai dai in ja numfashi in riƙe. Na sa tsohuwar riga saboda kaifin dutse, na ɗaura igiya a ƙugu, Sagir ya hau gora ya riƙe ɗaya bakin, muka yi da shi in na fizga ya ja. Na ture kainuwa na shiga. Kai, ruwan nan ba Bahar Maliya ba ne, kore ne shar ya koma baƙi, ga wari, tafin hannuna ma ba na gani. Nutso na farko da na biyu lalube kawai na yi, ina jin ramukan dutsen, kifi yana bugun hannuna. Na taso na ce wa Sagir babu abin da za a gani a nan. Ya ce in ƙara ɗaya daga can gefen da ya fi zurfi, kada Goggo ta ce mun yi ha'inci.

Na ja numfashi na bi gangaren dutsen na yi ƙasa. Sai na ji na shiga wani ruwa mai sanyi ƙarara, wannan ba abin mamaki ba ne, ruwa yakan yi hawa-hawa haka. Abin mamakin shi ne da na shiga cikinsa sai ya washe. Ba haske sosai ba, kamar dai ɗaki bayan la'asar in an saki labule, amma ina ganin dutsen, ina ganin 'yan kifaye, ina ganin nesa.

Jama'a, mutane na gani a tsaye.

A kan shimfiɗar dutsen suke, a jere, kafaɗa da kafaɗa, sun ba ni baya sun fuskanci gabas. Sahu ne sosai, miƙaƙƙe, irin wanda liman ba zai ce a gyara ba. Wani da doguwar riga, wani da 'yar shara, wani wando da singileti kawai, tufafin suna ɗan kaɗawa a hankali. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne hannayensu: wasu sun saki, wasu sun ɗora a ƙirji, masu sadalu da masu ƙabalu a sahu ɗaya kafaɗa na gogar kafaɗa, abin da a wancan lokacin a doron ƙasa sai a yi rigima a kansa. Ba su ruku'u, ba su motsi. 'Yan karfasa suna shiga ta hannun riga su fita ta wuya, wata ƙatuwar tarwaɗa ta kwanta tsakanin ƙafafun mutum biyu, kifin ya yi gida a jikinsu sak yadda na sha gani a tudun murjani. Ban ƙirga su ba. Ƙarshen sahun ta hagu ya shige cikin duhu.

Ruwa ya ɗan tura ni na matso kusa da na ƙarshe ta dama. Sai na ga ya gyara tsayuwa ya matsa jikin na kusa da shi, ya bar gurbi daidai mutum ɗaya a bakin dutsen. Bai waiwayo ba. Hannunsa kawai ya miƙo baya, ya kama gefen rigata ya ɗan ja, a hankali, yadda ake jawo wanda ya makara a masallaci a ce shigo ka cike nan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na saki numfashin ba, na fizgi igiya da hannu biyu, na sha ruwan nan mai ƙazanta ya fi a ƙirga, sai ganina na yi a sama ina amai a jikin gorar Sagir. Ya ce, "Dakta, me ka ɗauko? Wallahi da na fara ja kamar buhun siminti, sai kuma na ji ka yi sakayau." Na ce ya kai ni gaɓa tukuna.

Bari in faɗi abin da ke kaina, don kada a ce na ɓoye. Na karanta cewa in iska ta yi wa ƙwaƙwalwa ƙaranci mutum yana ganin abin da babu. Na shiga ruwan da tunanin gawa a raina. Yana yiwuwa tsofaffin turaku ne da tsummokara suka maƙale musu, yana yiwuwa rigata a dutse ta sarƙe. Duk na faɗa wa kaina wannan, kuma duk na faɗa a zauren mai unguwa da aka taru bayan azahar, har sai da liman ya ce, "Malam, bar mana yana yiwuwa ɗin nan, faɗi abin da ka gani." Na faɗa. Goggo ta ce daga bakin ƙofa, "Ka gan shi?" Na ce bayansu kawai na gani, Goggo, ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba.

Wani ya ce a kai rahoto. Mai unguwa ya girgiza kai ya ce a wannan zamani, a je a ce akwai gawarwaki a bayan gidajenmu, kafin a ciro ko ɗaya an kwashe duk wani saurayi da ke unguwar nan, kuma ba mu san wa ya zuba su ba, in ma akwai su, balle mu san wa muke gaya wa. Ba wanda ya musa. Aka tsaya a kan cewa za a shiga Marmara da sunan kamun kifi, a nemi mutanen, wanda aka samu a yi masa sutura cikin sirri.

Washegari Baba Tanko da hannunsa ya tuge turakun da ubansa ya kafa, yana yi yana share ido da hannun riga. Masunta suka hau gora, aka sa sanduna, aka sa ƙugiyoyi, aka ja taru ta inda dutsen ya yarda, tun hantsi har la'asar. Babu gawa. Babu ƙashi, babu tsumma, babu tsohon turke ko ɗaya da zan ce shi na gani. Abin da ya fi ɗaure wa masuntan kai, ko kifi ɗaya bai shiga tarun ba, a wurin da jiya-jiya kifi ke bugun hannuna. Sagir, wanda na san a ransa yana fatan ko ba komai a samu na miya, ya zauna a gaɓa ya haɗa kai da gwiwa.

Goggo ta samu liman a nan bakin ruwan. Ta ce tunda ba za a ba ta shi ba, a yi masa sallah haka nan.

"Mairo, malamanmu ba su yi wa wanda ba ya nan sallah," ya ce, "balle wanda ba a tabbatar ya rasu ba."

"Yana nan, Malam. Ga shi nan." Ta nuna ruwan da haɓa. "Yaron nan ya ce a tsaye suke ba su ruku'u. Wace sallah ce babu ruku'u? Jira suke a yi musu."

Liman ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce akwai malaman da suka halatta, zai yi niyya ga duk Musulmin da ke cikin ruwan nan in akwai shi, Allah ya fi mu sanin su. Aka sa bayan sallar asuba in an ɗage doka, aka kuma ja kunnen kowa kada a yaɗa, don taron jama'a a lokacin shi kansa haɗari ne.

Ban san ta yaya maganar ta fita ba. Da gari ya waye sai ga mutane suna ɓullowa ta lunguna, ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, ba mai yi wa wani magana. Daga Shahuci, daga wajen Ɗan Agundi, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wani dattijo da ya tsaya kusa da ni ya ce ɗansa ya fita sayen katin waya. Wani ya ce ƙanensa ne, daga kasuwa. Ba wanda ya ƙarasa zancensa, ba kuma wanda ya tambaya. Mata suka tsaya can baya jikin katanga tare da Goggo, sun fi mazan yawa. Muka yi sahu a gaɓa ta yamma muka fuskanci gabas, ruwan yana gabanmu inda ake ajiye makara, liman ya yi kabbara huɗu ya yi sallama. Ruwan bai yi ko motsi ba. Kowa ya juya ya bi lungun da ya fito.

Na ɗauka an gama ke nan. Bayan 'yan makonni, ina jin sun kai uku ko fiye, Goggo ta shigo har ɗakina, abin da ba ta yi tun ina yaro. Ta zauna bakin katifa ta ce tana so in koma in duba mata ko sun tafi. Na ce Goggo ki rufa mini asiri, tun ranar ban yi barcin kirki ba, ko a masallaci wani ya taɓa rigata sai gabana ya faɗi. Ta ce ta sani. Ta ce, "Ba zan sake roƙonka komai ba har in mutu." Wallahi na so in ƙi. Amma matar nan a bayanta na yi wayo.

Sagir ya sake riƙe mini igiya, wannan karon ya naɗe ta a damtsensa. Na ce masa ba zan sauka ƙasa ba, iyakata bakin ruwan sanyin, in leƙa in dawo. Haka na yi. Na sa fuskata kawai a cikin sanyin, ruwan ya washe kamar wancan karon.

Suna nan yadda na bar su. Gurbin da aka matsa mini an cike shi. A bayansu kuma an fara sahu na biyu, ya kai wajen rabi.

Na taso da kaina ba tare da na fizgi igiya ba. Sagir ya dube ni, muka fito. Goggo tana kan 'yar kujerarta. Na yi tunanin in ce mata sun tafi, har na buɗe baki, sai na ga ba zan iya yi mata ƙarya a kan wannan ba. Na durƙusa a gabanta jikina yana ɗigar ruwa na gaya mata yadda na gani.

Ta kalli wurin da turakun suke a da. Can ta ce, "To yana cikin jama'a ke nan." Na ce ban sani ba, Goggo. Ta ce, "Abin da ke hana ni barci, in tuna yana kwance shi kaɗai cikin sanyi ba mai ce masa sannu." Ta miƙe ta ɗauki kujerarta, har ta yi 'yan taku sai ta juyo. "A sahun farko yake ko na biyu?" Na ce wallahi ban ga fuskar kowa ba. Ta ce, "Na farko ne. Basiru ba ya makara."

Ba ta sake zuwa bakin ruwan ba. Ta rasu bayan 'yan shekaru, ba a ga Basiru ba, kuma har yau ba a gan shi ba.

Masu shawara suka rufe kududdufin gaba ɗaya, Sagir da kansa ya kafa sababbin turaku ya zagaye shi duka. Amma ruwan da ba a cin komai a cikinsa ba mai gadinsa. Baba Tanko ya rasu, aka fara zuba shara daga gefe, shara ta zama tudu, daga baya motoci suka kawo ƙasa aka cike aka yanka filaye. Yanzu gidaje ne da shaguna a wurin, da yara suna wasa, shi ya sa na ƙi faɗin sunansa. Ni dai ba na bi ta nan. Ban san me na gani ba, kuma malaman da na tambaya kowa da abin da ya ce. Shawarata kawai, in kuka tarar da ruwa mutanen wurin sun sa masa alama sun ce kada a shiga, ku bar shi, ko da su kansu ba su iya gaya muku dalili ba. Wanda kuma yake da halin yi wa mamacinsa wanka ya raka shi maƙabarta, ya gode wa Allah, ba kowa ya samu ba.

Mutane da yawa sun tsaya a gaɓar nan ranar sallar, na san wasunsu suna raye. Duk wanda ya karanta wannan ya ga na yi kuskure, a lokaci, ko a maganar wani, ko a yadda abubuwan suka biyo juna, don Allah ya aiko ta inda ya karanta a gyara, ba zan ji haushi ba. Sagir, na ji an ce kana Legas, in wannan ya iso gare ka ka faɗi naka, kai ka riƙe igiyar. An kuma gaya mini, ban tabbatar ba, cewa akwai wani daga gidan Baba Tanko da ya nutsa a wurin ana gab da cike ramin. In gaskiya ne, ina roƙonsa ya gaya mini sahu nawa ya tarar.